Washar Da Gaggawa Ya Juya

Ranar da ya fara ganinta yana tsugune ne gaban wani injin gauraya sabulu, hannunsa baƙi ƙirin da giris. Kwanansa uku kacal da kama aiki a wata masana'antar ƙera injuna. Ta fito daga ofis riƙe da takardar zane, ta tsaya a kansa.

"Kai ne sabon makaniken da ake kira Gaggawa?"

Ya ɗago ya kalle ta. Da ƙyar ya ce, "Ni ne. Amma daga yau na daina sauri."

"Baki dai akwai," in ji ta. "Bari mu ga hannu."

Ta miƙo masa boris ɗin da za a sa a gindin injin, irin wanda yake kwance yana ɗaukar nauyin shaf, wato sandar ƙarfen da ke juyawa, daga sama: washa biyu, da kejin ƙwallaye a tsakaninsu. A ido washar biyu kamar tagwaye suke. Gaggawa ya rufe idonsa, ya zura kowacce a kan shaf ɗin.

"Wannan mai matsewa ta shaf ce, ita ke sama, tare suke juyawa. Wannan mai sakin jiki ta mazauni ce, a ƙasa take zaune, shaf bai isa ya taɓa ta ba. Ko cikin barci aka tashe ni ba zan haɗa su ba."

Ta yi murmushi ta naɗe takardarta. Sai da ta shige ofis wani mai walda ya zungure shi. "Rufe bakin, kada ƙuda ya shiga. Autar Maigida ce, ita ke zana duk injin da muke ƙerawa."

Kafin wata biyu, Gaggawa ya san ƙarar takalminta. Kafin wata uku, ya samu lambarta. Yakan rubuta mata da yamma in ya wanke hannu:

"Autar Baba, yau na ɗaure noti ɗari da goma. Kowanne na ɗaura sai na tuna ki. Shi ya sa babu wanda zai kwance."

Ita kuma ta amsa: "Malam Gaggawa, ka rage tunani, jiya ka bar sifana cikin injin mutane. Ka ci abinci kuwa?"

Da maganar ta kai kunnen Maigida, bai ɗaga murya ba. Ya kira 'yarsa ofis, ya rufe ƙofa.

"Auta, hannunsa na da kyau, ban musa ba. Amma yaron nan aji uku ya bar makaranta. Wuraren aiki biyar ya yi cikin shekara uku, ko'ina sai ya yi zuciya ya ɗauki akwatin sifanarsa. Ranar da kika ɓata masa rai, ke ma haka zai bar ki?"

"Baba, ya canja."

"Ke kika ce."

Cikin makon nan Maigida ya ɗauki injiniya. Dogo ne, mai riga a goge, da kwamfuta a jaka, da turaren da yake riga shi shiga ɗaki. An aje masa tebur kusa da na Auta, domin su tsara wani babban injin da masu kamfanin fenti suka yi oda. Ba a daɗe ba kowa ya gane Injiniya ma ya shigo layin neman Auta, kuma Maigida na maraba da shi.

Ofishin na da tagar gilashi mai kallon filin aiki. Wannan tagar ta zame wa Gaggawa ciwo. In Injiniya ya sunkuya kan zanenta, sai ya ji kamar an ɗora masa ƙarfe mai zafi a ƙirji. In ta yi dariya, sai ya ƙirga. Wata rana ta yi sau bakwai kafin azahar.

Ya rubuta mata: "Me yake faɗa haka mai ban dariya? Ki turo min in taya ki."

"Aiki muke yi, masoyi."

"Ban san lissafi na sa mutum ƙyaƙyatawa ba. Da ban bar makaranta ba da na sani."

"Ka daina. Ka san inda zuciyata take."

"Na san inda kujerarki take."

Kwana biyu ba ta kula shi, shi kuma girman kai ya hana shi ba da haƙuri. Mahaifiyarsa ta lura ba ya cin abinci, ta ce, "Wai kai da yarinyar ne ko da ƙarfen kuka yi faɗa? Fuska kamar an aiko maka da sammaci."

Ranar haɗa babban injin, shi aka ba aikin gindi. Ya wanke mazaunin boris tas, ya goge, ya shafa giris. Yana ɗaga kai ya hango Injiniya ya ciro wani alƙalami mai ruwan zinare daga aljihu ya miƙa wa Auta. Ta karɓa. Har ta juya shi tana dubawa.

Hannun Gaggawa ya ci gaba da aiki, amma idonsa na kan taga. Ya ɗauki washa ya kwantar, ya ɗora kejin ƙwallaye, ya ɗora ɗaya washar. Da aka sauko da shaf, sai ya ɗan cije a ƙasa. A rana mai kyau da ya tsaya ya duba. Ranar sai ya ɗauki gudumar roba ya ba shi bugu uku masu kyau, kowanne da fuskar Injiniya a ransa. Shaf ya zauna. Ya rufe, ya ɗaure.

Washegari da hantsi masu fenti suka zo gwaji. Aka kunna. Minti goma injin na tafiya lafiya. A minti na ashirin sai ya fara wani kuka siriri, sannan warin ƙonannen giris ya cika wurin, hayaƙi ya fara fitowa daga gindi. Aka kashe da sauri. Masu fenti suka kalli juna, babbansu ya ce za su dawo jibi, in bai tashi ba sun fasa.

Maigida ya juya kan Injiniya. Dama sun yi musu a kan boris ɗin: Maigida ya so a sa babba, Injiniya ya ce lissafi ya nuna wannan ya isa.

"Ga lissafinka nan yana hayaƙi!" in ji Maigida. "Shekara talatin ina ƙera injuna ban taɓa jin kunya irin ta yau ba. Ka tattara kayanka, gobe ka kawo min makullin ofis."

Injiniya ya juya ya nufi ofis. Gaggawa kuwa ya sunkuyar da kai don kada a ga haƙoransa. Ji ya yi kamar an sauke masa buhun siminti daga ka.

Da kowa ya fita cin abincin rana, aka bar shi ya kwance gindin. Yana fito har da 'yar waƙarsa. Ya ɗaga shaf, ya zaro washar sama, sai ta fito salin-alin, tana lilo a yatsansa. Ya leƙa ƙasa. Mai matsewar ce a can, ta ƙanƙame shaf, ta yi ta gurzar mazauni har ta koma shuɗiya.

Ya zauna daɓas a ƙasa. Shi ne. Shi da ya rufe ido ya yi alfahari.

Ya duba hagu da dama, babu kowa. In ya jefa su cikin kwandon tsofaffin ƙarafa ya ce boris ya tarwatse, magana ta ƙare. Gobe babu Injiniya, babu turare, babu alƙalami.

Sai ya ji ƙarar takalmi. Auta ta tsaya a kansa. Ta kalli shuɗiyar washar, ta kalli inda ta fito, ta kalle shi. Ta juya ta tafi. Bayan minti ɗaya wayarsa ta yi ƙara.

"Lissafin nan ni da shi muka yi, na san daidai ne. Ba zan ce wa Baba komai ba."

Kalmar "ni da shi" ta soke shi. Ya rubuta: "To kare shi kike yi ke nan."

"Kai nake karewa, wawa. In ka bari aka kori mutum a kan laifinka, zan aure ka in Baba ya yarda, amma kullum na kalle ka sai na tuna. Ka zaɓar mana."

Ya karanta sau uku. Sannan ya naɗe washar biyu a tsumma, ya nufi ofis.

Maigida na zaune, Injiniya na zuba takardunsa a kwali, Auta na gefe ta duƙufa kan zane kamar ba ta san da kowa ba. Gaggawa ya buɗe tsumman a kan tebur.

"Ranka ya daɗe, boris bai yi ƙarami ba. Ni na juya washar. Ta shaf na sa a ƙasa."

Maigida ya ɗauki shuɗiyar ya juya ta. "Kai? Wannan kuskuren ko ɗan koyo na wata ɗaya ba ya yi. Da ta cije ba ka ji ba?"

"Na ji. Na buga ta."

"Ina hankalinka yake?"

Gaggawa ya ce, "Yana kan taga, ranka ya daɗe."

Maigida ya juya ya kalli tagar, ya kalli kujeru biyun da ke jikinta, ya kalli 'yarsa.

"Ka san zan iya korarka yanzu?"

"Na sani. Akwatina na bakin ƙofa. Amma wannan karon ba ni zan ɗauka da kaina ba, sai in ka ce."

Maigida ya juya wajen Injiniya. "Ka yafe min, na yi maka hukunci da fushi. Mayar da takardunka." Sannan ya nuna Gaggawa da yatsa. "Kai kuma ka sake haɗa shi yau. Injiniya zai tsaya a kanka, duk abin da za ka ɗora sai ya gani ya ce to."

Da an ba shi zaɓi tsakanin wannan da bulala, da bulala ya ɗauka. Awa huɗu yana aiki, turaren nan na shiga masa hanci. Ya goge mazaunin da ya gurzu, Injiniya ya auna ya ce bai lalace ba. Ya ɗauko sabon boris, ya zura kowace washa a shaf yana nunawa, kamar ɗalibi gaban malami.

Suna ɗaure noti na ƙarshe Injiniya ya ce, "Abokina, ka ba ni aikina yau, bari in ba ka labari. Wata huɗu ina zaune kusa da ita. Duk lokacin da na yi magana, sai ta ce in maimaita, don tana kallon wani mai baƙin hannu a waje. Alƙalamin ma ta mayar min tun jiyan. Ni na haƙura."

"Ta mayar?"

"Kai ka tsaya kallo ne har ƙarshe?"

Bayan kwana biyu masu fenti suka dawo. Injin ya yi awa biyu yana juyi, Maigida ya ɗora tafin hannunsa a gindin ya ji shi da ɗan ɗumi kawai. Bayan sun tafi ya kira Gaggawa gefe.

"Da na ɗauka in abu ya yi zafi gudu kake yi. Shekaranjiya ka tsaya. Ka turo manyanka."

Da yammar ya rubuta mata: "Zuciyata, ki yafe min. Na yi hauka."

"Na yafe, angona. Amma haukan nan ka rage shi, ka bar min kaɗan don in san kana so na."

Bayan wata uku aka ɗaura aure. 'Yan masana'antar suka zo gaba ɗaya, mai walda har da sababbin takalma da suka matse shi. Injiniya ma ya zo, ya matso zai yi wa amarya murna, sai ya tarar ango ya riga ya shiga tsakani, ya kama hannunsa da hannu biyu yana ta girgizawa ba ya saki.

"Na gode, na gode, zan isar mata."

Auta ta rufe baki tana dariya. Maigida ya girgiza kai, ya jawo su biyun gabansa, ya dafa kafaɗar kowanne.

"Auta, ga mijinki nan, kin san halinsa, ke kika zaɓa. Kai kuma ɗana, na ba ka abin da na fi so a duniya. Allah Ya ba ku haƙuri da juna, Ya ba ku zuriya ta gari, Ya sa ku tsufa tare."

Mahaifiyar ango ta ce amin tana share hawaye, jama'a suka amsa. Gaggawa ya fi kowa ɗaga murya.