Baburin da Kawu Ya Zaɓar Mini

Rana ta kusa faɗuwa na turo babur ɗin daga filin gwanjo da ke bayan garejin 'yan sanda. Fari ne, dogo. An kankare tambarin jikin tankinsa, inuwar rubutun ta rage kamar tabon ƙuna. An cire jiniya, an cire shuɗiyar fitila, wayoyinsu kawai aka naɗe da baƙar roba. Saniyar da mahaifinmu ya bari muka sayar na saye shi, don in riƙa kai saƙo tsakanin gari da gonakin rake, in ɗauki nauyin gidan da yayana Velaphi yake ɗauka kafin a tsinci gawarsa a bakin kwalta bara. Wani abin hawa ne ya buge shi ya gudu. Ba a taɓa gano ko waye ba.

Kawu Dumisa ne ya zaɓar mini babur ɗin. Wan mahaifiyarmu ne, kuma shi ne makaniken garejin tun ina goye a baya.

"Wannan za ka ɗauka, Bhekani," ya ce da safen, yana shafa kujerar. "Tun yana cikin ledarsa yake hannuna. Ni na yi masa juyen baƙin mai na farko. Sarƙa ni na canza, filogi ni, birki ni. Bai taɓa kwanciya a ƙasa ba. Ko ƙwarzane babu a tarihinsa."

"Kawu, wancan na ƙarshen fa? Kamar ya fi sabunta."

"Kai da ka gudo daga makaranta, yau kai za ka koya mini ƙarfe? Wancan tsohuwa ce ta sha hoda."

Aka yi mini dariya, ni ma na yi. Wani ɗan sanda mai tumbi da ke gadin ƙofa ya dubi Kawu ya ce, "Dattijo, ashe dai ka samu mai raba ka da shi." Da zan tafi sai Kawu ya riƙe hannuna, tafinsa da sanyi.

"Ka wuce gida kai tsaye. Kada ka tsaya ko'ina, kada ka biye wa surutun kowa. Ni zan biyo motar haya."

Na ɗauka tsoron ɓarayi yake yi mini.

Injin ya tashi da bugu ɗaya, muryarsa a kwance kamar ta mutum mai natsuwa. Ina fita gari ina tunanin fuskar Mama idan ta gan ni. Tun da aka binne Velaphi ba ta yi barcin kirki ba. Mun yi masa abin da ake yi wa duk wanda ya mutu a waje. An saro reshen magaryar kura, Kawu da kansa ya je kwanar da aka same shi, ya ja reshen a ƙasa, ya kira sunansa, ya ɗauko kurwarsa zuwa gida. Mai ɗauke da reshe ba ya magana da mai rai, ba ya waiwaye. Mamacin kaɗai yake yi wa magana, yana gaya masa hanya, ga gada, ga kwana, har ya shigar da shi ɗakin kakanni. An yanka akuya, an ci, an watse. Amma Mama ta ci gaba da cewa tana ganinsa tsaye a wani wuri mai warin baƙin mai, yana tambaya wa zai zo ya ɗauke shi.

Man tankin kaɗan ne, dole na tsaya a gidan mai na ƙarshen gari. Khethiwe ce a bakin famfo, wadda muka yi aji ɗaya da ita.

"Yau kuma kai ne sajan? To kama ni mana, yallaɓai."

"Laifinki ya yi yawa, sai na dawo da mota."

Ta yi dariya, tana zuba mai. Can ta sunkuya ta dubi ƙasa.

"Tayarka ta baya a kwance take. Kamar wanda ya ɗauko buhun masara."

Na waiwaya. Kujera ce kawai, baƙa, tana ƙyalli. Khethiwe ta ƙara wa tayar iska har ta yi tauri, amma bayan babur ɗin bai ɗago ba. Ta ɗaga kafaɗa, na yi mata sallama, na hau hanya.

Daga nan sai rake, dama da hagu, ya fi mutum tsayi. Ana ƙona wata gona can nesa, hayaƙin ya kwanta a kan kwalta, mai ɗaci da zaƙi-zaƙi. Sama ta yi ja, sannan ta fara yin toka. Babu mota gaba, babu baya.

A hawan tudun farko injin ya yi nishi. Na sauke giya. Ya ja da ƙyar, irin jan da keke yake yi idan an goya ƙato.

Sai wari ya canza.

Koren sabulun wanki na ji, da gumin mai saran rake. Haka rigar Velaphi take wari idan ya dawo aiki ya rataye ta a bayan ƙofa. Na ce wa kaina hayaƙi ne ya rikita mini hanci.

Ganyen rake ya fara ɗaukar wani haske. Shuɗi. Ya zo, ya ɗauke. Ya zo, ya ɗauke. Na dubi inda fitilar take a da. Wayoyi ne naɗe da roba, suna kaɗawa a iska.

A ƙarƙashin ƙarar injin akwai wani siririn kuka, kamar jiniyar da aka toshe wa baki.

Ban dubi madubi ba. Na san idan na duba zan ga wani abu, na kuma san idan ban gani ba ya fi muni.

Kujerar ta motsa a bayana. Gwiwoyi biyu suka matse cinyoyina, masu sanyi kamar ƙarfen da ya kwana a raɓa.

Numfashi ya taɓa wuyana, a ƙarƙashin hular kwano.

"Ina za ka kai ni?"

A hankali aka faɗa. Muryar da ta koya mini hawan keke ce.

Na murɗa wuta, ban san na yi ba.

"Ba wanda ya gaya mini. Ina za ka kai ni?"

Kwanar ta bayyana a gabana, wadda aka tsince shi, da ɗan gicciyen itacen da Mama ta kafa. Wata tirelar rake ta ɓullo daga can ɓangaren, fitilunta a kunne.

Hannuwa biyu suka zagayo ta ƙarƙashin hammatana, suka kama kan babur ɗin.

"Ba nan ba. Kada ka sake ajiye ni a nan."

Kan ya karkata dama, cikin hanyar tirela. Na ja hagu. Kamar in ja bango.

Na taka birki. Ƙafata ta tafi har ƙasa.

Hon ya cika duniya. Na ga fuskar direban, bakinsa a buɗe.

Na saki komai na jefa jikina gefe.

Iskar tirelar ta mare ni, ganyen rake ya yanke mini fuska, ƙasa ta shiga bakina. Na ji babur ɗin yana jan ciki a kan tsakuwa, sannan shiru. Tirelar ba ta tsaya ba.

Na daɗe a kwance ina jin gyare suna kuka. Da na rarrafo, babur ɗin yana kwance a gefen kwalta, tayar baya tana juyawa a hankali. Faɗuwar ta ɓalle kujerar. A cikin ramin da ake ajiye sifana, wani abu ne ɗaure da jar waya.

Reshen magaryar kura ne. Ɗanye, ganyensa bai ko yanƙwane ba. An murɗa wayar an lanƙwasa bakinta ciki don kada ta soki yatsa, yadda Kawu yake yi wa kowace waya tun ina yaro. A jikin reshen an ɗaura wani busasshen warwaron fatar akuya, mai baƙi da fari, a tsinke. Na Velaphi ne. Ni na riƙe ƙafar akuyar ranar da aka ɗaura masa shi. Da muka wanke gawarsa mun nema a hannunsa ba mu gani ba.

Da sauran hasken da ya rage na shafa wuyan babur ɗin. Inda tsakuwa ta kankare fenti, ga ɗinkin walda nan, mai kauri, ya zagaye ƙarfen. Ƙafafun gaba sababbi ne fil, na baya kuwa duk tsatsa. Babur ɗin da bai taɓa kwanciya a ƙasa ba.

Na zauna a kan kwalta. Tsoron ya fita daga jikina, wani abu mai nauyi ya zauna a wurinsa. Tun daga gari nake ɗauke da ɗan'uwana ban sani ba. Na tsaya a hanya, na yi wasa da mace, na waiwaya, ban gaya masa ko kwanar hanya ɗaya ba. An ɗora shi a bayana kamar kaya, an rufe mana ido mu biyu.

Na tayar da babur ɗin, na mayar da kujerar. Na sa reshen a cikin rigata, ƙayarsa tana sukar ƙirjina.

"Yaya Velaphi," na ce. "Ni ne, Bhekani. Ka yi haƙuri, ban san kai ne ba. Gida za mu. Hau."

Na ji bayan babur ɗin ya sauka a hankali.

Na tafi da giyar farko, birkin hannu kaɗai nake da shi. "Mun bar kwanar, Yaya. Ba za mu dawo ba." Gwiwoyin suka ɗan saki. "Ga gadar nan, za mu haye ruwa, ka riƙe ni." Na ji goshi ya kwanta a tsakiyar bayana. "Mun bar kwalta. Ga shagon da kake sayen burodi, an yi masa sabon rufi. Ga makaranta. Ga itacen da ka faɗo ka karye a hannu." Wasu mata da ke dawowa daga famfo suka kira sunana, suna yi mini barka da abin hawa. Ban dube su ba. Ɗaya ta hango ganyen da ya leƙo daga wuyan rigata, ta ja sauran gefe, suka sunkuyar da kai.

Kawu Dumisa yana tsaye a ƙofar shingenmu, hularsa a hannu. Motar haya ta riga ni ta ɗaya hanyar. Ya dubi jinin fuskata, ya dubi ganyen. Na ga ya gane na sani. Na kuma ga ya gane ba ni da ikon buɗe masa baki sai na shigar da mamaci ɗaki.

Na kashe injin, na fara turawa zuwa ɗakin kakanni da ke can ƙarshen gida. Sai ya jero da ni, yana magana ƙasa-ƙasa, da sauri.

"Wani sajan ne. Ya sha giya. Da ya buge Velaphi da babur ɗin nan yana da sauran rai, sai ya ɗora shi a kan babur ɗin, maimakon asibiti ya kawo shi gareji wurina. A kan kujerar nan ya cika, ɗana. Na buɗe ƙofa na ga ɗan ƙanwata."

"Mun shigo gida, Yaya," na ce. "Ga garken shanu."

"Da bindiga a ƙugunsa. Ga aikina, ga yarana. Muka mayar da shi kwanar. Kafin gari ya waye na gyara gaban babur ɗin. Warwaron a cikin taya na same shi."

"Ga madafar Mama. Tana tuƙa tuwo, ka ji ƙamshin."

"Reshen da na ja bara, na san ba kowa a wurin. Tun lokacin bai bar ni ba. Kullum na buɗe gareji injin da ɗumi. Na ce idan jininsa ya kawo shi zai yarda ya biyo. Ai ka ga ya iso. Duk don ku na yi, Bhekani. Uwarku ba sai ta ji ba."

Ya zaɓi ɗan tsakanin nan, daga shinge zuwa ɗaki, ya sauke kayansa duka a kaina, a lokacin da ya tabbata ba zan iya ce masa komai ba.

Na jingine babur ɗin. Na cire takalmi, na sunkuya na shiga. Ɗakin yana warin toka da tsohon turare. Na soke reshen a cikin ciyawar rufi, sama da inda ake ajiye ƙoƙon kakanni.

"Mun iso, Yaya. Nan ne gida. Zauna."

Wani abu ya sauka daga bayana, kamar an cire mini jiƙaƙƙen bargo. Sai a lokacin na yi kuka.

Da na fito, Mama tana tsaye a tsakar gida da muciya a hannu, tana duban jinin fuskata, tana duban wanta. Kawu ya ɗago ido ya kafe ni da su, yana roƙo.

"Mama," na ce, "ki ajiye muciyar ki zauna. Kawu yana da labarin da ya ba ni a hanya. Zai maimaita miki, da ƙarfi wannan karon."

Babur ɗin yana nan, ina aiki da shi, bayansa ba ya nauyi. A can garin gaba nake kai shi juye, wurin wani mutum da bai san sunan kowa a gidanmu ba. Mama ta daina cewa tana da wa. Wani lokaci ina wuce Kawu a bakin hanya, ya tsufa ƙwarai, yana jiran mota a rana. Yakan ɗaga mini hannu. Kujerar baya babu kowa, amma ba ni da wurin da zan ɗora shi.