Kiɗan da Hamma Nuru Bai Ƙarasa Ba

Ranar da abin ya fara babu wani abu na daban wallahi. Yamma ce kawai irin ta Jimeta, rana ta faɗi amma bango na ta huci, keke na wucewa a bakin titi. Dada Fadimatu, uwar gidan, tana kan tabarma a tsakar gida tana tsince shinkafa, ko in ce hannunta ne ke tsincewa, ita kam ba ta nan. Autarta Yusrah tana wanke yunifom a bakin rijiya. Usaid, wanda Yusrah ke bi, yana ɗakin yayansu ya kunna na'urar nan kamar kullum.

Bari in tsaya in faɗa muku na'urar tukuna, in ba haka ba ba za ku gane komai ba.

Babban ɗan Dada sunansa Nuruddeen, ƙannen na ce masa Hamma Nuru, wato Yaya Nuru da Fillanci. Gyaran sifika da amfilifaya yake yi a kasuwar Jimeta. Ba makarantar da ta koya masa, waya ce malaminsa, sai ƙona yatsa da dalma. Shi ya haɗa wani akwatin kiɗa da hannunsa daga gawar rediyoyi. Ba piyano ba ne fa, ba a danna shi. Sassa ne a jere cikin akwatin katako, wannan na haifar da sauti, wancan na tace shi, wani na datse shi, kai ne za ka haɗa su da 'yan gajerun wayoyi yadda ka ga dama. Zuciyar abin kuwa wani allo ne da yake kira sikwensa. Maɓalli takwas a jere, irin na murɗa tsohuwar rediyo, kowanne da 'yar fitila ja a kansa. Hasken na tafiya daga na farko zuwa na ƙarshe, duk inda ya taka sai sauti ya fito, kuma inda ka murɗa maɓallin nan shi ke sa sautin ya yi sama ko ƙasa. In ya kai ƙarshe sai ya koma farko. Haka, haka, har batir ya mutu.

Nuru kan ce daɗin abin shi ne ba ka zuwa da waƙa a kanka, hannunka ne ke tuntuɓe da ita. Kuma abin ba shi da memori. Kiɗan yana nan ne a inda maɓallan suka tsaya. Ka taɓa ɗaya ko yaya ne, ya tafi ke nan, ko ka mayar ba ya dawowa daidai.

To ranar da ya rasu yana cikin haɗa wani sabo ne. Ya saita bakwai, na takwas yana murɗe har ƙasa, in haske ya zo kansa shiru kawai ake ji. Sai aka kira shi a waya, wai sifikar biki ta mutu a Vinikilang. Ya leƙo yana sa takalmi ya ce, "Dada, kar wanda ya taɓa min, yanzu zan dawo in ƙarasa." Tirela ce ta bi ta kan keken da ya hau, bayan gada kaɗan.

Dada ba ta yi kuka ba. Ko ɗigo. Masu ta'aziyya suka yi ta yabon tawakkalinta. Da suka watse, wata yamma ta dubi Usaid ta ce, "Kunna masa abinsa." Tun daga nan kullum bayan la'asar sai ya kunna, in an kira magariba ya kashe. Sauti bakwai, shiru. Sauti bakwai, shiru. Babansu ya daɗe da rasuwa, ba wanda zai ce a daina. Su ukun suka zauna cikin kiɗan nan kamar yadda mutum ke zama cikin ƙarar fanka, ba sa ji, ba sa magana.

To mu koma yammar nan.

Ladan ya fara kira, Usaid ya miƙa hannu ya kashe. Sai dutse ya faɗo kan kwano. Ƙwas. Wani ya biyo, wani ya biyo, a jere, ba gaggawa. Bakwai. Sai shiru. Sai aka sake.

Maƙwabciyarsu Maman Edith ta ɗaga murya ta kan katanga. "Dada! Wane yaro ne yana jifa haka? Ya bari in fito, zai sani!"

Ba yaro. Usaid ya zagaya gidan, ba kowa sai akuyar Maman Edith tana tuƙa. Duwatsun ma da ya tsinta jiƙaƙƙu ne, masu santsi, irin na bakin kogi. Da ya dawo tsakar gida sai ya ji kiɗan na tashi. Ya leƙa ɗaki, fitilun a mace. Ashe daga bakin rijiya ne. Yusrah na tsugune, hannuwanta cikin bokiti, idonta a buɗe bai kalli komai ba, maƙogwaronta na fitar da kiɗan Hamma Nuru daidai da daidai, har da 'yar karkarwar nan ta sauti na huɗu. In ta zo na takwas sai ta yi shiru. Ba murya kaɗai ba. Numfashin ne gaba ɗaya ke tsayawa.

Dada ta ajiye faranti a hankali. Ta ce, "Yusrah." Shi ke nan abin da ta ce.

Da safe yarinya ta tashi lafiya lau, ba ta tuna komai. An kai ta asibiti, an gwada ƙirji, an gwada jini, aka ce ba a ga komai ba. Amma duk magariba sai abin ya dawo, kuma shirun nan na takwas kullum sai ya ƙara tsawo. Da farko kamar ƙiftawar ido ne. Daga baya har ka iya karanta Ƙulhuwallahu a ciki. Daga baya leɓenta ya fara yin baƙi kafin numfashin ya dawo.

Usaid ne ya gano cewa in na'urar na kunne, Yusrah na bin ta, shirun ba ya wuce nata. Sai suka daina kashewa. Amma damina ce, sola ba ta cika batir, wutar gari kuwa kun san halinta. Maman Edith ta ciro batirin shagonta ta miƙo ta katanga. "Ku riƙe. Firji zai jira. Ina sa ta a addu'a a coci, kun ji?" Shi ma ba ya kai su ko'ina. In haske ya fara dishewa, kiɗan ya fara jan ƙafa, Yusrah ma sai ta fara jan numfashi.

Wata rana Usaid ya ce, "Dada, bari in murɗa na ƙarshen nan. Ko shi ne."

Ba ta ɗago ba. "Ya ce kar a taɓa."

"Dada, Yusrah fa..."

"Ya ce zai dawo ya ƙarasa."

Ba da faɗa ta faɗa ba. Kamar mai ba da labarin farashin tumatir. Usaid ya fita, ya hau keke zuwa cikin Yola, ya ɗauko Modibbo Bappayo, wani dattijon malami da babansu ya yi karatu a gabansa.

Sun iso rana na ja. Modibbo ya zauna kan buzu a tsakar gida, ya daɗe yana sauraron kiɗan da ke fitowa daga ɗaki. Aka yi magariba. Aka kwantar da Yusrah a tabarma, kanta a cinyar Dada. Duwatsu suka fara. Modibbo ya fara karatu, muryarsa ƙasa-ƙasa, ba hayaniya. Ya daɗe yana yi. Gari ya yi tsit, har kwaɗin lambatu sun yi shiru. Sai kiɗan ya yanke a bakin yarinyar, wata murya ta fito, tsohuwa, mai sanyi, kamar daga cikin randa.

"Modibbo, kana ƙona ni. Me na yi maka?"

"Wane ne kai?"

"Mai wucewa. Daga kogi nake, zan je wajen dangi."

"Mai wucewa ba ya kwana a jikin 'yar mutane. Me ya tsayar da kai?"

"Kiɗa. Na ji yaron yana haɗawa, na zauna kan katangar can in saurara. Mu a wajenmu ba a tashi wa mai kiɗa sai ya sauke. Rashin kunya ne."

"Mai kiɗan ya rasu."

"Ni dai na ji ya ce zai dawo ya ƙarasa." Idon Yusrah ya juya sama, ya tsaya kan fuskar Dada. "Ita ma ta ji. Mu biyu muke jira."

Dada ba ta motsa ba.

Muryar ta ci gaba. "Kullum su kunna, ya zo bakin ƙarshe, ya koma farko. Kullum su kashe a tsaka. Na gaji da katanga. Na ga maƙogwaro mai kyau, na ce bari in nemi sautin da kaina. Ina riƙe numfashin ne in ji ko zai zo."

"Za ka kashe ta."

"Ban sani ba. Naku numfashin gajere ne."

Modibbo ya ce, "Zan sa a fasa akwatin nan a ƙona, kai ma in bi ka da karatu har ka zama toka."

"Fasa. Sai ya zama ba zai taɓa ƙarewa ba. In ka ƙona ni a cikin shirun, da numfashinta zan tafi. Ko kuwa mu yi ciniki. Ku bar min muryarta, in bar muku ranta."

"Ba naka ba ne, ba nawa ba ne, ba ciniki a kai." Modibbo ya ja carbi. "In aka ƙarasa kiɗan, ka tafi?"

"In tafi."

"Rantse da wanda Ya halicce ka daga wuta."

Aljanin ya rantse. Sannan ya ce, "Amma ba ƙanen nan nasa zai ƙarasa ba. Wadda aka bar wa amana ita za ta sauke."

A daidai nan fitilun na'urar suka fara dishewa. Batirin Maman Edith ya kusa mutuwa. Kiɗan ya dawo bakin Yusrah, a hankali, yana jan ƙafa, ya kai bakwai, ya tsaya. Ƙirjinta ya tsaya. Modibbo ya juya wajen Dada, ya yi mata magana da Fillanci, a tausashe, kamar yadda ake yi wa 'ya. Abin da ya ce bai da yawa. Ya ce amanar wanda ya tafi ba ta fi ran wanda ke cinyarki nauyi ba.

Dada ta dubi leɓen 'yarta. Ta daɗe tana dubawa, har Usaid ya ce, "Dada, don Allah." Sai ta zame kan Yusrah ta ɗora a hannun Maman Edith, wadda ta riga ta shigo ba wanda ya lura. Ta tashi. Tun ranar jana'iza ba ta taka ɗakin nan ba. Rigarsa na nan rataye a ƙusa, ƙarfen dalmarsa na kan tebur inda ya ajiye.

Usaid ya tuna abin da Hamma ya taɓa nuna masa, in kana so hasken ya tsaya a ƙarshe kar ya koma farko, akwai ramin da ake soka waya. Ya ɗauki waya ya soka. Ya ce, "Wannan ne, Dada. Murɗa dama. In haske ya zo kansa, shi ke nan."

"Ina zan tsaya?"

"Ban sani ba. Hamma ma ba ya sani sai ya murɗa."

Ta sa yatsu biyu kan maɓallin. Gefensa ya yi santsi saboda hannun mai shi. Ta murɗa kaɗan. Haske ya taho daga farko, ja, mai rauni, ɗaya bayan ɗaya, ya taka na takwas.

Gaskiya sautin bai yi daɗi ba. Ƙasa-ƙasa ne, da kaushi, kamar kukan saniya daga nesa. Bai dace da 'yan uwansa ba sam. Ya ja, ya ja, ya mutu. Hasken ya tsaya a wurin, bai koma ba.

Daga tsakar gida muryar nan ta ce, "Ba wannan zai sa ba."

Dada ba ta juyo ba. Hannunta na kan maɓallin. Ta ce, "Na sani. Ai ba ya nan. Nuru ya rasu."

Shiru. Sai dutse ɗaya ya faɗo kan kwano, ya gangara, ya faɗi bayan gida. Yusrah ta yi atishawa mai ƙarfi, ta ja iska da dukan ƙirjinta kamar wadda aka tsamo daga kogi, ta yi tari, ta buɗe ido.

"Maman Edith? Me kike yi a nan? Yunwa nake ji."

Modibbo ya shafa addu'a, ya naɗe buzunsa, Usaid ya raka shi bakin titi neman keke. Batirin ya ƙarasa mutuwa da kansa, ba wanda ya kashe. Dada ta fito daga ɗakin, ta bar ƙofar a buɗe, ta ɗauki farantin shinkafa ta shiga madafa, fuskarta kamar kullum.

Har yau in ka tambayi Maman Edith labarin, sai ta ce ita muryar aljanin ma ba ta tsorata ta ba. Abin da ba ta mantawa shi ne bayan ta koma gidanta, ta katanga, ta ji Dada na kuka. Shi ma sai da shinkafa ta hau wuta.