Mma Mamunatu Ta Ƙi Wanka

Ƙarfe tara na safe kira ya iso ofishin 'yan sanda daga unguwar Buokrom: Adizatu mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake, ta rasu, mai wankan gawa kuma ta ƙi yi mata wanka. An sa jana'iza bayan azahar. In aka rufe ta a maƙabartar Tafo, babu mai yarda a tono.

Insifekta Basiratu ta tarar da maza cike da ƙofar gida, makara jingine da bango. Ƙanin mamaciyar, Zuberu, ya tare ta.

"Madam, mutuwar Allah ce. Jiya ta ce kanta na ciwo, ta kwanta da wuri. Da asuba na same ta rigingine a gadonta. Me ya kawo 'yan sanda gidan makoki?"

"Matsa mini."

A cikin ɗaki Mma Mamunatu na zaune gefen gawa, ga bokitin ruwa da sabulu ba a taɓa ba. Shekara talatin tana wanke matan unguwar, ba a taɓa jin ta fita da sirrin gawa ba.

"Mma, me kika gani?"

"'Yata, mai wanka ba ta faɗin abin da ta gani. Amana ce. Amma ba a hana ni kiran mai ido ba. Ke ɗaga zanen."

Basiratu ta sa safar hannu ta ɗaga. Fuska da ƙirji da ciki duk sun yi duhu, bayan kuwa fes. Idan rai ya fita, jini gangarawa yake ya kwanta a ɓangaren da ke ƙasa. Wannan mata rub da ciki ta daɗe, ba rigingine ba. A kuncinta akwai zanen saƙar buhu. A cikin kitsonta Basiratu ta tsinci ƙwayar shinkafa uku, ɗanya.

Ta fito tsakar gida. Ko'ina ƙasa a bushe, sai ƙofar sito da ruwa ya malalo ta ƙarƙashinta.

"Wa ya wanke sito ranar rasuwa?"

"Ni ne," in ji Zuberu. "Saboda baƙi."

"Baƙi a sito suke zama? Kawo makulli."

"Ya ɓata."

Ta sa kurtun da ya rako ta ya ɓalle kwaɗon. An goge siminti tas, amma mai gaggawa ba ya duba ƙarƙashin kaya. Da aka janye buhun shinkafa na farko sai ga jini a bushe a gefensa. Bayan buhunan kuma kwalaye ne na taramol.

"Adizatu ce ke sayar da ƙwaya, Zuberu?"

Ta nuna masa ƙofar gida.

"In fita in tambayi mutanen waje, ko kai za ka faɗa?"

Ya durƙushe a bakin ƙofar. "Jiya da la'asar ta gan su. Ta ce sai ta kai ni gun Sarkin Zongo, wai ina lalata 'ya'yan mutane da sunan shinkafarta. Ture ta kawai na yi, wallahi. Kanta ya bugi dutsen niƙa, ta kife kan buhu. Na kulle na fita. Da asuba na ɗauko ta na kai gado."

"Lokacin da ka kulle, tana numfashi?"

Zuberu ya dubi ƙasa. Daga nan zuwa asibiti tafiyar minti goma ce a tasi, kowa a gidan ya san haka.

"Ina tambayarka."

"Ta kira sunana," ya ce. "Sau biyu."

Basiratu ta sa masa ankwa da kanta, ta ba da umarni a kai gawar asibiti likita ya duba. Aka fito da shi ta tsakiyar mazan da tun safe suke riƙe hannunsa suna ba shi haƙuri. Babu wanda ya zage shi, babu wanda ya ɗaga masa hannu. Suka dare gida biyu, ya wuce.