Garar Jawahir

Hajiya Salihatu na tankaɗen gari a tsakar gida, bakinta bai huta ba. Gobe sunan jikanta, ga dangi sun fara sauka daga Bobi, kuma ta san abin da za su fara tambaya: ina gara daga gidan su mai jego?

Jawahir na ɗaki tana jin komai. Shekara biyu ke nan da Nuhu, ɗan Hajiya, ya auro ta a Sudan inda ya yi karatu. Yaƙi na ɓarkewa ya taho da ita Kontagora. Mahaifinta ya ƙi barin gida, ranar rabuwa ma bai ɗaga kai ya dube ta ba. Tun daga nan shiru, ko waya. Ta riga ta ɗauka ya sallama ta ne don ta zaɓi miji, wannan ya fi gorin Hajiya ci mata rai.

"Mace ba dangi, kamar daga sama ta faɗo," in ji Hajiya.

Nuhu kuwa ba zaune yake ba. Watanni ya yi yana bin direbobin da ke lodin masara zuwa Maiduguri, yana ba su hoton surukinsa su miƙa gaba, ko za a gano inda yake.

Da hantsi ranar suna sai ga Nuhu da ɗan ƙulli da wasiƙa daga mahaifin Jawahir. Ashe tsare tsohon aka yi wata goma sha tara, saboda ya ciyar da maƙwabtan da ba a so a ciyar. Yanzu yana sansanin 'yan gudun hijira a Chadi. Ya rubuta cewa ranar rabuwa ya sunkuyar da kai ne don kada Jawahir ta ga hawayensa ta fasa tafiya.

A ƙullin, busasshiyar kuɓewa ce da dabino bai fi cikin tafi biyu ba. A ƙarshen wasiƙar ya rubuta: "Garar 'yata ke nan, a yi haƙuri."

Jawahir ta fashe da kuka. Hajiya, da kunya ta gama rufe ta, ta ɗauko babban farantinta na baƙi, ta juye, ta ɗora a ka har tsakiyar mata.

"Ku matsa, ga garar 'yata ta iso."

Wanda ya yi shiru ba lallai ya manta da kai ba, kuma mai haƙuri shi kan dafa dutse. Ranar, ba wadda ta fita ba ta ɗanɗani dabinon ba.