Keken Ɗinkin Auta

Auta ta durƙusa a tsakiyar falo tana yanke igiyar kwali da almakashi. Mijinta, malamin firamare da kowa ke kira Malam, yana tsaye a kanta yana murmushi. Keken ɗinki ne na lantarki. Ummanta ce ta ba ta kuɗin don ta kama sana'a, shi kuma ya ce ya ga mai kyau a shafin wata mai sayarwa a intanet, ya yi oda ta waya.

Suka ɗora shi a tebur suka jona. Tana taka shi ya yi gurnani, allura ta sauka ta tsaya cak, sai ƙaurin waya ya cika ɗakin.

Nan take Malam ya tura wa matar saƙo. Amsarta gajeriya ce: kayansu lafiya suke fita, wutar gidan ce ta ƙona shi. Daga nan ta daina ɗaukar kiransa.

Washegari sai ga babbar yayar Auta. Ta karkata keken, ta zura yatsa a ƙarƙashi, ta fito da tsohon zare mai maiƙo.

"Kin gani? Ga kuma fenti duk ya goge. Wannan an daɗe ana ɗinki da shi. Auta, buɗe idonki. Ya karɓi kuɗin sabo, ya kawo miki tsoho, sauran kuma Allah kaɗai ya san inda suka shiga."

"Haba Yaya, mijina fa kike faɗa wa haka."

"Shi ɗin. Umma ma ta ce ki taho gida ki huta har ya fito da gaskiya."

Malam yana bakin ƙofa da takardun ɗalibansa a hannu, kuma duk ya ji. Ya gaishe ta da ladabi ya wuce ciki. Ranar ko abinci bai taɓa ba.

Da la'asar Auta ta same shi a bakin gado, yana ta danna waya. Hoton matar ya ɗauko daga shafinta, yana rubuta mata tonon silili don duniya ta gani. Auta ta zare wayar daga hannunsa a hankali.

"In ka zage ta, ta toshe ka a shafinta, me muka samu?"

"An kira ni ɓarawo a gidana, Auta."

"Ni ban kira ka ba, kuma ba inda zan je. Ka bar ni da ita."

Ta ɗauki hoton zaren, da wurin da fenti ya goge. Sannan ta yi wa matar saƙon murya. Ta gaishe ta, ta tambayi kasuwa, ta ce ba ta zarginta da cuta, amma keken nan na neman raba ta da danginta. Ta roƙe ta don Allah ta duba hotunan kawai.

Kwanaki suka wuce, ba amsa daga matar. Kullum da safe Yaya sai ta kira ta ji ko an dawo da kuɗi. Auta takan shiga bayi ta sha kukanta, ta wanke fuska, ta fito tana tsokanar Malam wai maki nawa zai ba ta a haƙuri.

Ranar da Yaya ta zo da tasi don ta tafi da ita, suna cikin ja-in-ja a falo aka yi sallama. Wata mata ce da tabarau, direbanta na biye da ita da sabon kwali.

"Ke ce mai saƙon murya?" ta tambayi Auta. "Ni ce mai shagon. Ki yafe ni. Na sha haɗuwa da masu ƙona kaya su ɗora mana, shi ya sa na yi banza da maigidanki. Da na saurare ki na kasa sukuni, na je sito da kaina. Wannan wata kwastoma ce ta dawo da shi, muka ware don gyara, aka yi kuskure aka naɗo muku. Ga naku, ko buɗe shi ba a yi ba."

Ta jona shi da hannunta. Auta ta saka ƙyalle ta taka, ɗinki ya miƙe sumul. Sai ta kifa kai a tebur tana dariya, hawaye na zuba.

Malam ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya ya zauna a hannun kujera.

Yaya ta daɗe tana murza mayafinta, sannan ta ce, "Malam, na ɗauki alhakinka. Ka yafe mini."

"Ya wuce, Yaya. Ke ma tsoron kada a cuci ƙanwarki ne. Sai dai ki sallami mai tasi, yana ta hon."

Umma ma ta kira shi da kanta, ta yi ta sa masa albarka.

Da Auta ta biye wa zargi, da ta bar mijin da bai yi mata laifin komai ba. Da Malam ya biye wa fushi, da ƙofar gyara ta rufe. Mai haƙƙi ya nemi haƙƙinsa da hujja da tattausan harshe, dangi kuma su bincika kafin su yanke wa suruki hukunci.