Ƙafar Malam Isyaku

Tabarma, buta, filo ɗaya, takardun asibiti a cikin leda, da kwanon fura da matarsa Inno ta ɗaure da tsumma. Abin da ke cikin amalanken ke nan, sai Malam Isyaku a kwance, hannunsa na dama a naɗe a ƙirji. 'Yarsa Zulfa na zaune a gefe tana tare masa rana da mayafinta. Wata biyu ke nan da ya yanke jiki ya faɗi yana biya wa ɗalibansa karatu, ɓarin jikinsa ya shanye.

Cibiyar Haɗa Hannu tana bakin hanyar Shanono. Tsohon siton gyaɗa ne mutanen gari suka gyara. Ɗaki ɗaya na yara, inda mata masu fita aikin gona ke ajiye 'ya'yansu. Ɗayan na motsa jiki. Da yamma samari su cika filin da ƙwallo. Wanda ba shi da halin biyan kuɗi, mudun gero ya wadatar.

Wani dogon saurayi ya fito, ya durƙusa ya gaida tsohon.

"Malam, zan ɗauke ka."

Ya sungume shi kamar ƙaramin yaro. Sai da ya yi taku uku ya waiwayo ya dubi Zulfa.

"Ke ki shiga wajen yara. Ba a kallo a nan."

Tasi'u sunansa, amma Koci kowa ke ce masa. A Kano ya koyo aikin motsa gaɓɓai, ya dawo gida.

Sau uku a mako ake kawo Malam. Asiya mai kula da yara ta gaji da ganin Zulfa a zaune, ta miƙa mata wani jariri mai kuka, daga ranar ta zama 'yar ɗakin. Bango ɗaya ne tsakaninta da mahaifinta. Tana jin Tasi'u yana ƙirga, ɗaya, biyu, uku, tana jin nishin Malam. Wata rana ta ji abin da ba ta taɓa ji ba tun da aka haife ta, Malam yana kuka. Can Tasi'u ya fito ya ɗebi ruwa a bokiti, ya buɗe akwatin cibiya ya ɗauki wando mai tsabta, ya koma. Bai ce wa kowa komai ba. A ranar ta fara son shi.

Saƙonsa na farko ya shigo wayarta bayan mako uku.

"Malamar yara, yau Malam ya ɗaga ƙafa sau huɗu da kansa. Kada ki ce na faɗa miki."

"Na gode Koci. Allah ya saka da alheri."

"Yaran nan sun fi ni sa'a. Kullum a bayanki suke."

"Kai ka yi nauyi."

"Zan rage tuwo, Zulfata."

Ta karanta wannan sau da yawa kafin ta goge shi.

A wata na huɗu Malam ya tsaya tsakanin gora biyu da aka kafa masa, ya yi taku shida. A makon ne Tasi'u ya tura kawunsa Nababa neman izinin zuwa zance. Malam ya saurare shi, ya yi masa godiya, ya sallame shi ba amsa. Washegari aka kawo amalanke, ya ce a mayar da shanun, shi da cibiya an gama.

"Inna, me Koci ya yi masa?" Zulfa ta tambayi uwarta a madafa.

"Alheri ya yi masa, shi ne abin," in ji Inno. "Suruki ko ruwa ba ka sha a gabansa. Wannan kuwa ya kwance masa tazuge, ya wanke shi, ya ga hawayensa. Da wane ido zai dube shi in ya zo ya durƙusa? Ko ya zama mai jan ƙafarsa, ko ya zama mijinki. Babanki ba zai haɗa biyun ba."

Najib ɗan dillalin shanu ya ji labari, ya fara zuwa da mota. Malam bai hana shi ba, bai kuma tilasta wa kowa ba. Sau ɗaya Zulfa ta fita, ta amsa gaisuwarsa, ta dawo ciki. Da ya zo na uku bai ga kowa ba, ya daina.

Mako shida Malam na kwance. Ƙafar ta fara lanƙwashewa, diddigen ya daina taɓa tabarma. Gyambo ya fito masa a ƙugu. Sallah ma a kishingiɗe yake yi. Zulfa ce ke juya shi da safe, tana jin yadda gwiwar ke ƙara ƙagewa a hannunta kullum.

Ran Alhamis ta rubuta.

"Koci, ka janye. Ƙafar Baba tana mutuwa. In ka janye zai dawo."

Amsa ba ta zo ba sai bayan la'asar.

"Na janye, Zulfata. Ki kawo shi Litinin. Ba zan dube ki ba, kada ki ga laifina."

Ta wanke fuska ta je ta faɗa wa mahaifinta. Bakinsa a karkace yake, magana na fita da ƙyar.

"A kira mini shi."

Tasi'u ya zo ran Asabar da hantsi. Ya tuɓe takalmi ya shiga ɗakin. Zulfa ta tsaya daga ciki, jikin bango.

"An ce ka janye," in ji Malam.

"Haka ne, Malam."

"Ba ka son ta?"

"Ina son ta. Ƙafarka ce."

"To duba ta. Ka gaya mini gaskiya, ba irin ta masu zuwa dubiya ba."

Tasi'u ya durƙusa ya kama gwiwar, ya ja a hankali. Malam ya cije leɓe, gumi ya keto masa. Ƙafar ta miƙe rabi ta tsaya.

"In muka koma kullum, za ka kai masallaci da sanda," in ji Tasi'u. "In aka bar ta, kafin damina ba za ta ƙara miƙewa ba."

"In ba kai ba, wa zai iya?"

"Innar Zulfa za ta iya rabin abin da nake yi, in an koya mata. Rabi kawai."

"Rabin zai kai ni masallaci?"

"Ban sani ba, Malam. Ƙila zaure."

Malam ya juya ido ya dubi 'yarsa. Ta rame, awarwaronta ya zamo har gadon hannu. Ya dube ta har ta sunkuyar da kai.

"Cire hannunka," ya ce da Tasi'u. "Fita waje."

Tasi'u ya miƙe ya fita, bai dubi kowa ba.

"Rufe ƙofar," Malam ya ce da 'yarsa.

Ta tura ƙyauren har ya haɗe. Ɗakin ya yi duhu. Malam ya tattara abin da ya rage na muryarsa, kuma bai ambaci sunan saurayin ba.

"Ɗan Nababa, kana ji na?"

"Ina ji, Malam."

"Daga yau ba ka ƙara shiga ɗakin nan, ba ka ƙara taɓa ni. Ka koya wa yarinyar nan, ta koya wa uwarta. Zauren ma ya ishe ni. Ka ce wa kawunka ya zo Juma'a ta sama a sa rana. Na ba ka ita. Allah ya yi muku albarka."