Sunan da Hansai Ba Ta Taɓa Kira Ba

Kananzir ne ya ƙare a fitila. Da wannan ɗan abin aka fara.

A shekarar da motoci suka koma bin hannun dama ne, tsakiyar damina. Hansai na zaune da mijinta Maliki a Unguwar Rimi, can gefen da gidaje ke ƙarewa, gonakin masara su gangara kogi. Maliki direba ne a ma'aikatar gona, ranar kuwa ya kai wani babba rangadi Birnin Gwari. Gida ya rage daga ita sai 'yarsu Ramatu, mai shekara bakwai. Ita ce ta fari, ita kaɗai ce kuma, don biyun da suka biyo ta ba su zauna ba.

To, kun dai san halin matanmu da ɗan fari. Hansai kuwa ta fi kowa. Tun ran suna ba ta taɓa buɗe baki ta faɗi sunan yarinyar nan ba. "Ke" ce, ko "waccan". In baƙuwa ta ce, "Wannan ce taki?" sai ta sunkuyar da kai ta ce, "'Yar mutane ce." Haka uwarta ta yi mata, haka kakarta ta yi wa uwar. So kuwa, Allah kaɗai ya san irin son da take yi wa yarinyar, amma sai ta yi barci take zama ta ƙura mata ido.

Da rana ta yi ja, ta miƙa mata kwalba. "Ke, je ki karɓo kananzir wurin Labaran mai tebur. Saura ki tsaya wasa."

Aka kira magariba. Aka idar. Tuwo ya huce a kwano, yarinya shiru.

Hansai ta yafa gyale ta fita, tana ta shirya faɗan da za ta yi. Ta tarar da Labaran yana kunna acibalbal a kan teburinsa.

"Ai tun ɗazu na zuba mata," in ji shi. "Na ga sun gangara nan ƙasa, ita da wata mata."

"Wace mata?"

"Wata gajeruwa. Na ɗauka baƙuwarku ce. Sai dai zaninta sharkaf yake, ga shi yau ko yayyafi ba a yi ba."

Hansai ta juya ta kalli hanyar kogi. Da mai hankali ce a lokacin, da ta koma ta tara maza. Ina! Uwa ba ta da hankali a irin wannan sa'a. Ta faɗa hanyar gona da gudu, ganyen masara na yankar fuskarta.

Ba ta yi nisa ba ta ga kwalbar. Tana tsaye tsakiyar hanya, cike, an toshe bakinta da totuwa yadda Labaran ke yi. Ba yar da ita aka yi ba, ajiye ta aka yi.

Kwaɗi suka yi tsit gaba ɗaya, kamar an rufe su da ƙwarya. Wari ya taso, na laka da ɗanyen kifi. Hansai ta buɗe baki ta ƙwala kira, abin da ya fito kuwa shi ne, "Ke! Ke!" Kai, al'ada! Ko a nan ba ta sake ta ba.

"Rage murya, Hansai."

Wata tsohuwa ce zaune a kan suri. Jikinta fari-fari, furu-furu, in ta motsa sai wani abu ya riƙa zuba daga fatarta. Toka ce. Hansai ta so ta yi a'uziyya, harshe ya ƙi.

"Maƙwabciyarki ce," tsohuwar ta ce cikin raɗa. "A murhunki nake kwana tun ranar da kika tare. Ba ki taɓa watsa ruwan zafi ba sai kin yi bisimilla, shi ya sa na fito miki. 'Yarki na hannun Lakawa. Biyo ni, kada ki taka inda ban taka ba."

Suka gangara. Inda ya kamata a ce kogi ne, babu kogi. Fili ne shimfiɗe, ƙasarsa na ƙyalli, ruwan kuwa ya tsaya can gefe kamar bango, kifaye na yawo a cikinsa. Ba wuta ko ɗaya, amma ana gani, wani haske kore-kore. Filin cike da jama'a, ba ka jin takun kowa.

Tsohuwa ta riƙa nuna mata su da haɓa. Ƙabila uku ke zaune a bakin kogin nan tun ba a san za a yi gari ba. Ga Lakawa, gajeru, ruwa na ɗiga daga gashinsu, gidajensu kamar tukwane a kife. Ba sa hura wuta, ba sa cin abin da ya dahu, gaisuwarsu kuwa shafa wa juna laka a goshi. Matansu kan shekara ɗari ba su haihu ba, saboda haka ɗa a wurinsu ya fi rai tsada. Ga Tokawa, dangin tsohuwar, masu zama a murhun mutane da juji, su ne 'yan kai labari, ba abin da ake faɗa a tsakar gida da ba su ji ba. Sai Dogaye, mutanen itatuwan rimi. Hansai ta ɗaga kai har gyalenta ya zame, ba ta ga fuskokinsu ba. Ba sa zama, ba sa barci, su ke yanke shari'a.

"Kowa da al'adarsa," in ji tsohuwar, "amma abu ɗaya ya haɗa mu. Ba mu san kara ba, ba mu san kawaici ba. Abin da baki ya faɗa, shi ke nan. Shekaranjiya kina wanki a bakin ruwa, wata ta tambaye ki ko yarinyar taki ce. Me kika ce?"

Hansai ta dafe ƙirji.

"Akwai mai saurare a ƙarƙashin dutsen da kike buga kaya. Ɗan da uwa ta ce ba nata ba ne, a dokarmu na wanda ya tsinta ne. Ba sata ta yi ba."

Sai ga Ramatu.

Tana zaune a kan turmin laka, ta ba da baya. Wata gajeruwar mata na durƙushe gabanta da ƙwarya, tana ɗibar laka tana shafa mata a hankali, tana yi mata waƙa ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin jariri. Ƙafafun yarinyar sun rufe. Cinyoyinta sun rufe. Laka ta kai cibiya.

"In ta rufe kai, ta zama tasu," tsohuwar ta raɗa. "Ko kin ɗauke ta, iska za ta kashe ta kamar kifi."

Hansai ta zabura. Wani abu ya tare ta, ƙafa ce, doguwa kamar turken wayar lantarki. Murya ta sauko daga sama, irin ƙarar da iska ke yi cikin rassa.

"'Yar Adam. Wannan 'yarki ce?"

Filin duka ya juyo. Idanu ba iyaka, tsofaffi da manya, duk a kanta. Jama'a, ku yi mata adalci. Shekara bakwai tana ba da amsa ɗaya ga tambayar nan, a gaban manya kuwa ko tunani ba ta yi. Kanta ya sunkuya da kansa. Harshenta ya riga ta.

"'Yar mutane…"

Ta toshe baki. Ya riga ya fita.

Lakawa suka saki wani gunji mai kama da guɗa a cikin ruwa. Matar ta ƙara sauri, hannu bibbiyu. Laka ta kai ƙirji.

Tsohuwa ta cafki damtsen Hansai, yatsunta kamar garwashi. Zafin ne ya buɗe mata maƙogwaro.

"Ƙarya nake! Wallahi ƙarya nake! Tawa ce, ni na haife ta! Kwana biyu ina naƙudarta, ba ni da kowa sai ita! Kunya ce kawai, haka ake yi a wurinmu!"

Can sama rassa suka yi ta shawara.

"Baki ɗaya, magana biyu," muryar ta ce. "Ba mu san abin da ake kira kunya ba. Kira ta da sunanta. In ta amsa miki, taki ce."

Hansai ta buɗe baki. Sunan na nan cikin ƙirjinta, kullum da shi take kwana, amma bakinta bai san hanyarsa ba. Ya fito a karye, kamar na mai koyon magana.

"Ra… Ramatu."

Yarinya ko motsi.

"Ramatu!"

Ba ta waiwayo ba. To, ina za ta waiwayo? Ta san sunanta a bakin babanta, ta san shi a bakin malamin makaranta da ƙawayenta. A wannan murya kuwa ba ta taɓa jin sa ba.

Matar Lakawa ta ɗago. Ba mugunta a fuskarta, wannan ne ya fi tsorata Hansai. Hawaye ne ke gangarowa cikin lakar kumatunta. Ta ce a hankali, "Ramatu, 'yata."

Kan yarinyar ya karkata wajenta.

Laka ta kai wuya.

Hansai ta zube a gwiwa. Ta kira, ta roƙa, ta kira, har murya ta dushe.

Laka ta taɓa haɓa.

Sai wani abu ya tsinke a cikinta. Tsoro ya juye ya zama fushi, irin na tsakar gida, irin na kullum. Ta miƙe tsaye, ta riƙe ƙugu.

"Ke! Don ƙaniyarki, ba da ke nake ba? Aiken kananzir ɗin ke nan? Ramatu, in na ƙirga uku ba ki taso ba, sai na sassaɓa miki!"

Yarinya ta firgita. Ta juyo, idanu waje.

"Na'am, Inna!"

Lakar ta tsage daga wuya har ƙafa, ta zube.

"Gudu," in ji tsohuwar. "Shari'a ta ba ki, amma mai kuka ba ta jin shari'a."

Hansai ta fizgi 'yarta ta saɓa a kafaɗa. Jikin sanyi ƙalau, santsi kamar tarwaɗa. A bayansu matar ta kurma ihu, bangon ruwan nan ya karye.

Ta ji shi yana zuwa.

Ya kama diddigenta. Ya kama gwiwa.

Hannu mai sanyi ya riƙe ƙafar Ramatu, yana ja. Hansai ta ja. Aka ja. Ta kafa haƙora a zanin yarinyar, ta cusa yatsu cikin saiwar wata bishiya, farcenta ya ɓalle, ba ta saki ba.

"Tawa ce!" take faɗi ta cikin haƙora. "Tawa ce!"

Wani huci mai zafi ya bugi bayanta, toka ta turnuƙe, aka yi ƙara kamar an tsoma garwashi a ruwa. Hannun ya saki.

Ta rarrafa, ta tashi, ta faɗi, ta tashi. Masara. Hanya. Kwaɗi suka dawo da kukansu. Daga wani gida ta jiyo rediyo na karanta labarai, daga masallaci kuma ladan na kiran lisha. Nan ta zauna daɓas a ƙasa, ta rungume yarinyar tana kuka kamar ita ce ƙaramar.

Ramatu ta yi sati tana zazzaɓi, ta warke. Da Maliki ya dawo ya ji, bai yi gardama ba, don ya ga shatin yatsu huɗu a idon sawun 'yarsa, sabulu kuma bai fitar da shi ba. Ya nemi gida a Hayin Banki, nesa da kogi, suka tashi.

A can ne Hansai ta yi suna. Matan unguwa suka sa mata ido: ga mace ba ta kunyar 'yar fari, Ramatu kaza, Ramatu kaza, tun daga zaure ake jin ta. Har goya ta take yi, ƙatuwar yarinya. Suka yi gulma har suka gaji, ko a jikinta.

Ita yarinyar ba ta taɓa tayar da zancen ba, har Hansai ta ɗauka zazzaɓi ya shafe mata shi. Sai wata ranar Juma'a da yamma, tana yi mata kitso a tsakar gida, Ramatu ta ce, ba tare da ta ɗago ba:

"Inna, da dogon nan ya tambaye ki, me ya sa kika ce ni 'yar mutane ce?"

Tsinken kitso ya faɗi daga hannun Hansai. Ta sunkuya ta ɗauka.

"Ba komai," in ji Ramatu. "Na gaya mata kin daina. Amma ba ta yarda ba."

"Wa kika gaya wa?"

"Matar nan. Tana cikin randa. Kullum in na je ɗibar ruwa sai ta tambaye ni ko kin sake faɗa."